Magana a kan wanda ke jinyar tsofaffinmu, da haƙƙin da ke tsakaninsu

Da sunan Allah nike farawa. Godiya ta tabbata gare Shi, wanda ya halicce mu da rauni, ya ba mu ƙarfi na ɗan lokaci, sa'an nan shi mayar da mu ga rauni da furfura. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Amma bayan haka, ya ku malamai da almajirai na Sakajiki da Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, da duk wanda takardar ga ta kai gare shi, ku sani akwai wata magana da muke yawan faɗi a zaure da kan mumbari, muna jin daɗinta. Mukan ce Nasara suna kai iyayensu gidan tsofaffi su bar su ga hannun baƙi, mu kuwa Musulmi muna riƙon namu a gida. Ni ma na faɗe ta fiye da a ƙirga. Yau ina so mu tambayi kanmu abu guda: tsohon nan da ke kwance a ɗakin baya, wa ke juya shi, wa ke wanke masa bahaya, wa ke tashi in ya yi kira da tsakad dare? Ba ni ba ne, ba kuma kai ba ne, ya Malam. Ko matar ɗa ce, ko jika ƙarama da anka cire daga makaranta, ko wata bazawara 'yar gudun hijira da anka ba ɗaki, ko almajirin da malaminsa ya bayar aro. Mu muke karɓar yabo a zaure, su suke ɗaukar wahala a cikin gida, kuma ba mu taɓa zama munka yi karatun haƙƙinsu ba.

Ga abin da ya same ni, ina faɗinsa ne domin kada a ce malam ya ɗora wa wasu laifin da shi ya kuɓuta daga gare shi.

A shekarar 2019 mahaifiyata ta zame a bayan gida ta karye a ƙugu. Maɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ƙashin bai kama ba, ba ta sake takawa ba har ta koma ga Ubangijinta a 2023. 'Yan'uwana mata suna aure, ɗaya a Shinkafi ɗaya a Gusau, hanya kuwa kun san yadda ta zama. Sai jinya ta faɗa kan iyalina, alhali tana da goyo da ɗiya ƙanana. Ban tambaye ta ba, ban roƙe ta ba, na ɗauka haka abin shike. Da na ga ta fara ramewa, sai Allah ya kawo wata mata daga ƙauyukan gefen Zurmi, 'yan bindiga sun kashe mijinta, tana jaye da yara biyu. Na ba ta ɗaki kusa da na Inna, na ce ta riƙa kama wa iyalina, mu kuma za mu riƙa ganinta. Kalmar da na faɗa ke nan: za mu riƙa ganinki. Kafin wata uku jinya duka ta koma hannunta.

Ita ce ta gane Inna ba ta son a sha mata kai da kunu mai zafi, sai ya huce an zuba tsamiya. Ita ce ta gane in Inna ta fara murza bakin zane, to, fitsari ne ya matse ta tana jin kunyar faɗi. Da gigin tsufa ya shigo, Inna ta daina gane jikokinta, wata rana ma ta dube ni ta ce wane baƙo ne ya shigo mata ɗaki ba sallama. Amma muryar matar nan ba ta taɓa ɓace mata ba. Tana kiranta da sunan wata yayata da ta rasu tun ina yaro, ita kuwa tana amsawa, tana cewa, Na'am Inna, ga ni. Wata rana kuma Inna ta tashi da zargin ta sace mata kuɗin goro daga ƙarƙashin matashi, ta zage ta har maƙwabta sunka ji. Kuɗin suna ƙulle a gefen zanenta ita Innar. Matar ta share hawaye, ta ɗauko ruwan wanka.

Daren da sunka shigo garin ga a 2021, lokacin da anka yanke layukan waya a Zamfara ba mai iya kiran kowa, na kwashi yara da almajirai na yi cikin dawa, da niyyar in ajiye su in komo in ɗauki Inna. Harbi bai bar ni na komo ba sai da gari ya waye. Na tarar matar nan ta tura ɗiyanta sun bi iyalina, ita ta kulle ƙofa daga ciki, ta kashe fitila, ta kwanta bayan Inna ta rungume ta tana yi mata raɗa domin kada ta yi kira a ji. Ni ɗan da ta haifa ina cikin karan dawa. Allah shi gafarta mini.

Duk da wannan ban farka ba. Abin da ya farkar da ni wani almajiri ne, muna karatun Risala ta Ibn Abi Zaidi, mun kai inda ake maganar ijara, na fassara masa cewa ba ta inganta sai an san aikin an kuma san ladan aikin. Yaron ya yi shiru, sa'an nan ya ce, Allah gafarta Malam, ita matar da ke jinyar Inna, nawa ne nata? Ba da rashin kunya ya tambaya ba, so shike shi gane mas'ala da misali. Na ce masa a ci gaba da karatu. Daren nan ban yi barci ba.

Fasali. In ka ce, ai jinyar tsoho aikin lada ne, wanda ya karɓi kuɗi a kansa ya zubar da ladansa, kuma biyan mai jinya al'adar Nasara ce. Sai in ce maka, ɗan'uwa, koma ga Suratul Ƙasasi. Annabi Musa, aminci shi tabbata gare shi, ya iske mata biyu a bakin ruwan Madyana suna jiran makiyaya su gama, domin ubansu ya tsufa ba shi iya fitowa. Da tsohon ya so shi riƙe shi a gidansa, ya ambata masa adadin shekarun aiki, takwas, in ya so shi cika goma, ya ambata abin da za shi samu, ya kuma yi alkawarin ba za shi tsananta masa ba. Annabi ne ya yi aikin ijara a gidan tsoho, darajarsa ba ta ragu ba. A Suratuɗ Ɗalaƙi kuma an yi umarni a biya matar da ta shayar da ɗan mutum. In nono, wanda shi ne asalin tausayi, ana biyansa, kaka wankin gyambo da ɗaukar bahaya za su zama abin kunya a biya? Lada na wurin Allah, shina bin niyya. Haƙƙi na wurinka, shina bin gumi. Kada ka ɗauki alkawarin Allah ka biya bashinka da shi.

Kuma Shehu Halilu a Muhtasar, wanda da yawanku kun haddace, bai tsaya ga cewa ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan ɗa mai hali ba. Ya haɗa da ciyar da mai yi musu hidima. In ɗiyan suna da yawa a raba musu, malamai sunka yi saɓani ko bisa kawuna za a raba, ko bisa rabon gado, ko bisa wadatar kowa. Mun karanta wannan mun wuce kamar maganar bayin zamanin dauri ce. Mai hidimar iyaye tana nan cikin gidanka yau, ba baiwa ba ce, ɗiya ce, shi ya sa haƙƙinta ya fi nauyi. Buhari ya ruwaito cewa daga cikin mutum uku da Allah da kansa za shi yi husuma da su ranar ƙiyama akwai wanda ya sa ma'aikaci aiki, ya karɓi aikin cikakke, ya hana shi ladansa. Wanda bai ambaci lada ba tun farko domin kada a bi shi, dabara ya yi, dabara kuwa ba ta tafiya wurin da ake sanin abin da ke cikin ƙiraza.

Sai matar ɗa. Ku faɗa wa almajiranku gaskiya ko da ba ta yi wa maza daɗi ba: shari'a ba ta wajabta wa mace jinyar uwar mijinta ba. Biyayyar iyaye a kan wanda sunka haifa take. In ta yi, kyauta ce ta yi maka, sai ka gode mata da baki da hannu, ka sauke mata wani aikin, ka hana 'yan'uwanka mata su zo daga gidajen aurensu da zane mai guga su tsaya bakin ƙofa suna cewa ɗakin na wari. Na san aure fiye da ɗaya a garin ga da ya mutu a kan wannan, aka ce matar ba ta da haƙuri.

Mu malamai kuwa namu laifin ya fi, domin mun sani. Attajiri shi aiko a ba shi yaro shi riƙa kwana wurin tsohonsa, mu zaɓi almajirin da ya fi hankali mu tura. Yaro ɗan shekara goma sha biyu shina ɗaga namiji babba, shina zubar da bahaya, ya kwana bai runtsa ba, da asuba shi zo shina gyangyaɗi a kan allo mu zabga masa bulala. Ladansa tuwon dare, goron kuwa wurin malam shike zuwa. Ubansa karatu ya kawo shi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Nurul Albabi ya yi kakkausar magana a kan malaman da ke karantar da mutanen waje su bar matansu da ɗiyansu da masu yi musu hidima cikin jahilci. Da ya ga malamin da ke ba da hayar almajirinsa, me kuke zato za shi ce?

Me ya sa na ce zaluntar mai jinya zaluntar tsohon ne? Domin na gani da idona. Akwai lokacin da matar nan ta tafi ta'aziyyar ɗan'uwanta ta yi kwana goma sha biyu. Munka karɓa-karɓa, kowa da kyakkyawar niyya. Kafin ta komo fatar ƙugun Inna ta yi ja, ta saɓule, ta zama gyambo, kuma ta ƙi cin abinci daga hannun kowa. Wata nas da munka kira daga Ƙaura ta ce mana wanda ba shi iya motsi sai an riƙa juya shi kamar kowace awa biyu, dare da rana, a tsane masa jiki kada shi kwana cikin jiƙa, a duba ƙugu da gindin baya da duddugen ƙafa kullum, domin nan ƙashi ke danne fata jini shi kasa zagayawa. Matar nan tana yin wannan duka ba wanda ya koya mata, mu kuwa masu littattafai ba mu sani ba. Gyambon ya ɗauki watanni kafin shi rufe. To, hannun da za shi tashi sau huɗu ko biyar kowane dare, in mai shi tana jin yunwa, ɗiyanta ba su da riga, ba ta da ranar hutu, ba ta san ko gobe za a kore ta ba, wane irin juyi za shi yi? Gajiyayye shikan yi tsawa. Mai jin haushi shikan fizga. Wanda ba ta iya rama wa mai gida, a kan wanda ba shi iya kai ƙara take saukewa.

Saboda haka ina da magana ga masu jinya su ma, ku karanta musu tun da yawancinsu ba a ba su damar koyon karatu ba. Wadda ke rage wa tsohuwa ruwan sha domin kada ta jiƙa shimfiɗa, ta ji tsoron Allah, ƙishirwa na ƙara ruɗa tsoho tana kuma kashe shi a hankali. Wadda ke fitar da ita tsakar gida ta tuɓe ta gaban yara domin wanka shi yi sauƙi, ta sani al'aura ba ta tsufa. A rufe ƙofa, a yafa zane, a buɗe wurin da za a wanke kaɗai, a sa ƙyalle a hannu. Namiji shi wanke namiji, mace ta wanke mace, sai inda larura ta tilasta. Abin da kinka gani a ɗakin nan amana ne kamar amanar mai wankan gawa, ba labarin bakin rijiya ba ne. Madara da kuɗin da ɗiya ke aikowa daga Kano ko Legas na tsohuwa ne. Kuma a tuna mata salla muddin hankalinta na nan, a kawo mata dutsen taimama, a juya ta ta fuskanci alƙibla ta yi ishara. In hankali ya gushe an ɗauke mata alƙalami, zaginta ba zunubi ba ne a kanta, ba kuma hujja ba ce a gare ki. Likitoci sun tabbatar gigin tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Tsohuwar da ke fita da dare tana kiran matattu ba mayya ba ce, wanda ya jefe ta da maita ya yi ƙazafi, malamin da ya karɓi kuɗi domin shi tabbatar da hakan ya fi shi laifi.

Game da Nasara da muke zagi, abin da ke akwai a gidajen tsofaffinsu na aibi gaskiya ne. A watan Maris na 2020, lokacin annobar korona, sojojin ƙasar Sifen, inda Andalus take a dauri, sun shiga wasu gidajen sun iske tsofaffi an bar su ba mai kula, wasu sun mutu a kan gado. Ma'aikatan irin gidajen ga aikinsu mai nauyi ne ladansu kaɗan, shi ya sa ba su daɗewa, tsoho bai gama sabawa da fuska ba sai a kawo wata. Ingila da ta rasa masu yi sai ta buɗe ƙofa ga baƙi a 2022, 'yan Nijeriya da yawa sunka tafi wankin iyayen wasu, dillalai sunka cuci wasunsu da takardun aikin da babu shi, har anka rufe ƙofar ga sababbin zuwa a watan Yuli na 2025. Ku duba da kyau: cutarsu ita ce raina mai jinya. Ita ce cutarmu. Su dai sun rubuta ladan, sun ƙayyade awoyi, sun koyar da aikin kafin a fara. Mu ko wannan ba mu yi ba.

Kuma ba su sunka fara ba. Rufaida Ba'aslamiya tana da hema a masallacin Madina tana jinyar masu rauni da waɗanda ba su da kowa, can anka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Handaƙu. Malaman tarihi sun ambata cewa Halifa Walidu ɗan Abdulmalik a Dimashƙa ya sanya wa kowane gurgu mai hidima, kowane makaho ɗan jagora, daga baitulmali. A Kano akwai gidan gajiyayyu na gwamnati a Shahuci. A 2018 shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa. A nan Zamfara, inda anka ƙaddamar da shari'a a 1999, akwai Hukumar Zakka da Wakafi. Ba gini nike roƙo ba, tsohon Sakajiki in ka kai shi Gusau ka raba shi da masallacinsa da maƙwabtansa ka kashe shi da rai. Abin da nike roƙo, tsofaffin da 'yan bindiga sunka kashe musu ɗiya, da waɗanda ba su taɓa haihuwa ba, a ƙirga su unguwa unguwa, a ɗauki matan gudun hijira da ke yawon bara a Ƙaura da Shinkafi a koya musu jinya, a biya su wata wata daga zakka da wakafi da abin da masallatai ke tarawa. Su ma matalauta ne, suna cikin waɗanda zakka ta halatta gare su. Limamai sun san kowane gida, ƙirgar ba za ta ci mako biyu ba.

In ka ce, Malam, gonaki sun gagara nomawa, tun 2023 da anka cire tallafin mai komai ya yi tsada, da me za mu biya. Sai in ce, ambaci abin da kake iyawa. A mazhabarmu ya halatta a ɗauki mutum aiki a kan abincinsa da tufafinsa. Ka ce mata tiya kaza ta gero duk wata, zane biyu a shekara, maganin ɗiyanki a kaina, ranar Juma'a ki huta ƙanwata ta karɓe ki. Ka faɗa gaban shaidu biyu, ta yarda ko ta ƙi. Kaɗan sananne ya fi alkawarin da ba shi da gindi, domin mai kaɗan sananne tana iya ɗaga kai ta tambaya in an yi jinkiri, wadda anka ce za a riƙa gani sai dai ta jira.

Ni dai washegarin tambayar yaron nan na kira limamin unguwarmu da ƙanena, munka zauna, anka kira ta ta tsaya bayan ƙyaure. Munka tambayi abin da ake ba mai irin aikinta a Ƙaura, munka ƙirga watannin da sunka wuce. Abin ya fi ƙarfina nesa. Na ba ta akuya biyu da dami takwas na gero, sauran na rubuta shi bashi da hannuna, ƙanena ya ɗauki sulusi. Ta ce, Malam, ni Inna uwata ce, na yafe. Liman ya ce mata yafewar wanda ke zaune a ɗakin mai bashi ba a gaggauta karɓarta, ta bari sai ranar da take da wurin kanta, in ta so ta yafe a can. Ranar da Inna ta cika, kanta na bisa cinyar matar nan, ita ta laƙƙana mata kalmar shahada, ita ta yi mata wanka. Yanzu tana aure a Ƙaura, ɗanta na fari shina karatu wurina ya kai izu ashirin. Takardar bashin tana cikin gafakata, saura dami goma sha ɗaya, ina sa ran biyan biyar in Allah ya kai mu kaka.

Wassalamu. Daga ɗan'uwanku almajiri, a Sakajiki.